Majami'u Sun Watse a Turai: Halin Kirki Ya Bi Su Ne?

A garin Arnhem na ƙasar Holan akwai wani tsohon coci mai suna Saint Joseph, wanda a lokacin da yake tashe yakan ɗauki masu ibada kusan 1,000. A shekarar 2011 aka kafa katakai masu gangara a tsakiyar ɗakin, samari suka riƙa shiga da allunansu masu taya suna wasan sululu, suna tsalle-tsalle a daidai inda kakanninsu suke durƙusawa. A birnin Hamburg na Jamus kuwa, cocin Kapernaum ya yi shekara goma a garƙame, har wata ƙungiyar Musulmi ta saye shi, aka buɗe shi a 2018 da sunan masallacin Al-Nour. Wasu majami'un sun koma gidajen haya, wasu kantunan littattafai, wasu kuma, abin ba daɗin faɗa, mashaya.

Ƙidayar jama'a ma abin da ta nuna ke nan. A 2001 kusan kashi 72 cikin 100 na mutanen Ingila da Wales sun ce su Kiristoci ne. Da aka sake ƙirga su a 2021 adadin ya sauko zuwa kashi 46, karo na farko da ya gaza rabi, waɗanda suka ce ba ruwansu da kowane addini kuma suka kai kashi 37. Amurka, wadda aka daɗe ana ganin ta fi Turai riƙo da ibada, ita ma ta bi sahu. Kamfanin Gallup, mai auna ra'ayin jama'a, ya tarar a 1999 kashi 70 na Amurkawa suna cikin wani coci ko masallaci ko wurin ibadar Yahudawa. Zuwa 2020 sun koma kashi 47.

Wannan kam ba abin musu ba ne. Inda gizo ke saƙa shi ne maganar da ake ɗorawa a kai, cewa tunda an bar Allah, dole a bar gaskiya da amana da kunya. Turawa masu ra'ayin riƙau suna rubuta haka a jaridunsu, mai wa'azi a Kano ko Damagaram ma yakan nuna Turai da yatsa idan yana jan kunnen matasa. Su kansu Amurkawa, kashi 54 sun shaida wa Gallup a 2023 cewa tarbiyya a ƙasarsu ta lalace, kashi 83 suka ce kullum ƙara lalacewa take yi. Ga mai imani, magana ce da kamar ba ta buƙatar hujja. A 2019 cibiyar bincike ta Pew ta tambayi mutane a ƙasashe 34 ko sai mutum ya yi imani da Allah zai zama mai halin kirki. A Najeriya kashi 93 suka ce ƙwarai kuwa. A Suwidin kashi 9 kacal.

To amma lalacewar hali takan bar sawu a ƙasa: gawa a bakin hanya, kuɗin da suka yi ɓatan dabo daga baitulmali, jaririn da aka yar. Sawun nan ana iya bin sa.

A fara da jini, domin shi ya fi wuyar ɓoyewa. Manuel Eisner, malami a Jami'ar Cambridge, ya shafe shekaru yana tono tsofaffin takardun kotuna da na masu binciken gawa, yana lissafa kisan kai a Turai tun daga ƙarni na 13. A wancan zamani ƙararrawar coci ce take raba wa mutane lokaci, kusan kowane jariri sai an yi masa baftisma, wanda aka kama da kauce wa aƙidar coci kuwa ana iya ƙona shi da ransa. Duk da haka kisan kai a Ingila yakan kai mutum 20 ko fiye cikin kowane 100,000 a shekara. Yau kusan mutum 1 ne. Garin Oxford na ƙarni na 14 ya ninka Landan sau huɗu ko biyar, kuma cikin masu kisan da aka san matsayinsu, uku cikin huɗu an rubuta su a matsayin mutanen coci ne, galibi ɗaliban jami'a, samari da wuƙa a ƙugu da giya a ciki.

Sai dai kada mai adawa da addini ya yi saurin tafi. Mafi yawan wannan raguwa ta auku ne tsakanin ƙarni na 16 da na 19, lokacin majami'u suna cike maƙil. Abin da ya mayar da wuƙa kube shi ne hukuma ta yi ƙarfi, kotu ta karɓe ramuwar gayya daga hannun dangi, ciniki ya sa mutane suka koyi zama da baƙo. Tambayar da ta rage ita ce: da majami'un suka watse, wuƙar ta sake fitowa?

Da farko kamar ta fito. Daga shekarun 1960 zuwa farkon shekarun 1990, lokacin da zuwa coci ya fara ja da baya, laifuffuka sun hau a kusan duk ƙasashen Yamma. A Amurka kisan kai ya kai mutum 9.8 cikin 100,000 a 1991. Masu cewa barin Allah ne ya jawo suna da abin nunawa a lokacin. Sai kuma abin ya juya musu. Daga 1991 barin addini ya ƙara gudu, kisan kai kuma ya yi ta sauka har ya kai 4.4 a 2014, ƙasa da rabi. Ya sake tashi a 2020, shekarar annobar korona, sannan ya koma gangara. Haihuwa a tsakanin 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 ta faɗo daga kusan 62 cikin 1,000 a 1991 zuwa ƙasa da 14 a 2022. Mutuwar aure ma ta fi yawa a wajajen 1980 a kan yau. Idan aka duba taswirar ƙasar kuwa, jihohin da suka fi zuwa coci, irin su Mississippi da Louisiana da Alabama, su ne kan gaba a kisan kai, yayin da Vermont da New Hampshire da Maine, inda benci ya fi zama wayam, suke can ƙasa. Ba coci ne ya jawo wa Mississippi ba. Talauci da tabon zamanin bauta da yawan bindiga a hannun jama'a sun isa bayani. Amma cocin bai hana ba.

Sai batun amana. A 2019 mujallar Science ta buga sakamakon wani gwaji mai ban sha'awa. Masu bincike sun bi birane 355 a ƙasashe 40 da 'yan jakunkunan kuɗi sama da 17,000. Mutum zai shiga banki ko otal ko gidan waya ko ofishin 'yan sanda, ya miƙa wa ma'aikaci jakar, ya ce tsintuwa ya yi a waje kuma sauri yake yi, ya fice. A cikin jakar akwai makulli da katin mai ita da adireshinsa na intanet, wata da kuɗi, wata babu. Ƙasashen da suka fi neman mai kaya su mayar masa su ne Suwizalan da Norwe da Holan da Denmak da Suwidin, wato daga cikin waɗanda suka fi kowa barin ibada. Wani abin mamaki kuma, a ƙasashe 38 cikin 40, jakar da take da kuɗi an fi mayar da ita a kan wadda babu komai, domin ɗan Adam, ko ina yake, ba ya son ya kalli kansa a matsayin ɓarawo. A jerin da ƙungiyar Transparency International take fitarwa kan cin hanci a ma'aikatun gwamnati, Denmak ce ta fi tsabta a 2023 da maki 90 cikin 100, Finlan tana bi mata da 87.

Nan ma akwai wajen taka burki. Mutanen Arewacin Turai ba daga sama suka faɗo da gaskiyarsu ba. A Suwidin, dokar coci ta 1686 ta wajabta wa kowa ya iya karatu, limamai suna bi gida-gida suna yi wa manya da yara tambayoyi a kan littafin addini. Ƙarni biyu ana wannan horo. A Denmak har gobe kusan kashi 70 na jama'a suna da rajista a cocin ƙasa, ko da ba sa leƙawa sai ranar suna ko aure ko jana'iza. Masanin tarihi Tom Holland ya yi littafi guda a 2019 yana kafa hujja cewa tausayin mai rauni da daidaita mutane a gaban doka, waɗanda Bature marar addini yake taƙama da su, gadon Kiristanci ne. In haka ne, ɗumamen tuwon jiya Turai take ci, kuma babu wanda zai iya rantsuwa a kan kwana nawa ɗumame zai yi bai yi tsami ba. Wasu masanan, Pippa Norris da Ronald Inglehart, sun ce an ma juya lissafin ne. A ganinsu kwanciyar hankali ce take zuwa da farko: asibiti kyauta, fansho, albashin marasa aiki, ɗan sandan da ba a saye. Wanda ba ya fargabar gobe, sai ya yi sakaci da addu'a.

Inda gwamnati ta kori addini da bakin bindiga kuwa, labarin daban ne. Tarayyar Sobiyet ta tarwatsa babban cocin Mosko da nakiya a 1931, Albaniya ta rufe duk masallatai da majami'u a 1967, 'yan Khmer Rouge na Kambodiya sun karkashe malaman addinin Buddha da Musulmin ƙabilar Cham tsakanin 1975 da 1979. Babu wanda zai kira waɗannan wurare gidan halin kirki.

Akwai kuma tambayar da masu kukan "zamanin da" ba su cika son ji ba: wane ne ya biya kuɗin tsabtar da ake tunawa?

Ƙasar Ailan ce misalin da ya fi tsayawa a rai. A farkon shekarun 1970 sama da kashi 90 na Katolikan ƙasar suna zuwa coci kowace Lahadi. Babu saki a doka, sai a 1995 aka halatta shi ta ƙuri'ar jin ra'ayi. Duk wanda ya kalli ƙasar daga waje zai ce ga al'umma mai kamun kai, ba a ganin ɗan gaba da fatiha a titi. Dalilin da ya sa ba a ganinsa shi ne an gina masa inda za a ɓoye shi. Yarinyar da ta yi ciki ba aure, ko da fyaɗe aka yi mata, iyayenta sukan miƙa ta gidajen da mata masu zaman zuhudu na coci suke gudanarwa. Wasu a raba su da jariran, wasu su ƙare a gidajen wankau na Magdalene suna wanki da guga ba albashi, shekara da shekaru. Na ƙarshe cikin gidajen wankin sai a 1996 aka rufe shi a Dublin. Namijin da ya yi cikin kuwa yana sahun gaba ranar Lahadi.

A garin Tuam, wata mata mai binciken tarihin yankinsu, Catherine Corless, ta bi ofishin rajista ta tattara takardun mutuwar yara 796 da suka rasu a gida ɗaya irin wannan tsakanin 1925 da 1961, ta nemi inda aka binne su ta rasa. A 2017 aka tabbatar da tarin ƙasusuwan jarirai a wasu ramuka na ƙarƙashin ƙasa da suke da alaƙa da tsohuwar ma'ajiyar ruwan ƙazanta. Kwamitin da gwamnati ta kafa ya ba da rahoto a Janairun 2021 cewa yara kusan 9,000 ne suka mutu a gidaje 18 tsakanin 1922 da 1998, kusan kashi 15 na duk yaran da suka ratsa ta cikinsu. Firaminista Micheál Martin ya tashi a majalisa ya nemi gafara. Ailan ta yau, wadda majami'unta suka yi sanyi, tana da abubuwa da dama da Bahaushe zai kau da kai daga gare su. Amma mai cewa ta 1950 ta fi ta tarbiyya, sai ya fara bi ta Tuam.

Haka Amurka ta shekarun 1950, lokacin da shiga coci ya kai ƙololuwa. A 1955 aka kashe Emmett Till, yaro baƙar fata ɗan shekara 14, a Mississippi, bisa zargin ya yi wa wata Baturiya rashin kunya. Masu taya alƙali yanke hukunci, dukkansu farare, suka wanke makasan cikin kusan awa guda. Mutumin da ya jagoranci rusa wannan tsari na wariyar launin fata, Martin Luther King, shi ma limamin coci ne, da littafin da makasan suke karantawa ya yaƙe su.

Duk wannan ba ya nufin babu abin da ya zube da jama'a suka fice. Ya danganta da ma'aunin da aka ɗauko. Idan ma'aunin aure ne da kunya da tsarkin rai kamar yadda addinai suka koyar, canjin a fili yake. A 1960 kusan kashi 5 na jariran Amurka ne ake haifa ba aure. Yanzu kusan kashi 40 ne. A Ingila da Wales sun haura rabi a 2021, a Faransa sun wuce kashi 60. Holan ta halatta wa likita ya ɗauki ran marar lafiyar da ya nema tun 2002, kuma a 2023 sama da mutum 9,000 suka mutu ta wannan hanya, fiye da kashi 5 na duk mace-macen ƙasar. Baturen zamani zai ce 'yanci ne da tausayi. Musulmi da Kirista mai riƙo za su ce haddi ne aka ƙetare. Alƙaluma ba za su raba wannan gardama ba, domin a kan ma'aunin kansa ake jayayya.

Amma akwai asarar da ko marar addini ya yarda asara ce. A 1972 kashi 46 na Amurkawa sun ce yawancin mutane abin yarda ne. A 2018 kashi 34 suka rage. Birtaniya ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici a 2018, abin da zai ba tsohuwa a Zariya dariya kafin ya ba ta tausayi. Wani bincike na Jami'ar Harvard da ya bi ma'aikatan jinya mata kusan 90,000 daga 1996 zuwa 2010 ya tarar masu zuwa wurin ibada aƙalla sau ɗaya a mako sun fi waɗanda ba sa zuwa kuɓuta daga kashe kai har ninki biyar. Masana tattalin arziki Jonathan Gruber da Daniel Hungerman sun bi jihohin Amurka da suka soke dokar hana buɗe kantuna ranar Lahadi, suka ga zuwa coci ya ragu, shan giya da ƙwaya kuma ya ƙaru, kuma a cikin waɗanda da can suke zuwa cocin ne ya ƙaru.

Mene ne a cikin ibadar yake yin wannan aiki? Masu bincike Robert Putnam da David Campbell, a littafinsu na 2010, sun tabbatar cewa masu zuwa wurin ibada sun fi ba da sadaka, sun fi aikin gayya, sun fi taimakon maƙwabci. Da suka tsananta bincike sai suka ga ƙarfin aƙidar mutum a zuci bai cika hasashen wannan ba. Yawan abokan da yake da su a wurin ibadar ne yake hasashensa. Mai ibada shi kaɗai a ɗaki bai fi kowa ba. Wanda matarsa ce take jan shi zuwa coci, ya saba da jama'ar wurin, yakan fi shi. Bahaushe bai buƙaci littafi kafin ya san wannan ba. A masallacin unguwa, wanda aka kwana biyu ba a gani a sahun Asuba ba, kafin hantsi an aika yaro ya dubo ko lafiya. Wannan idon da ke kan mutum, mai tsaro ne kuma mai jinya, shi ne abin da kanti da talabijin da wayar hannu ba su maye gurbinsa ba.

To me ya sa kowa, a ko'ina, yake jin duniya ta lalace? A 2023 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Adam Mastroianni da Daniel Gilbert, suka tattara amsoshin mutane sama da miliyan 12 a ƙasashe 60, wasu tun daga 1949. Kusan ko'ina, kuma a kowace shekara, mafi yawa cewa suke mutane sun fi kirki a da. Amma idan aka tambaye su abin da ya same su jiya, ko an mutunta su, ko sun taimaki baƙo a watan nan, amsar ba ta sauya ba tsawon shekaru. Abin dariyar ma, mutane sukan sa farkon lalacewar a daidai lokacin da aka haife su, kuma idan aka tambaye su game da mutanen da suka sani ido da ido, sai su ce a'a, waɗannan kam suna nan da kirkinsu. Bayanin masanan biyu mai sauƙi ne: labarin mugunta ya fi saurin yaɗuwa, zafin abin da ya wuce kuma ya fi daɗinsa saurin gushewa daga zuciya. Marubucin tarihin Rum, Livy, ya yi irin wannan kuka shekara 2,000 da suka wuce. Hausawa sun taƙaita shi tuntuni: kowa ya tuna bara, bai ji daɗin bana ba.

Ƙasar Hausa ce ma ta fi dacewa a gwada maganar, domin a nan addini bai ja da baya ba. Masallatan Juma'a sun ninku, Islamiyyu sun cika unguwanni, tafsirin azumi ya mamaye rediyo da talabijin da wayoyi, jihohi 12 sun ƙaddamar da shari'a bayan Zamfara ta buɗe ƙofa a 1999. In da yawan masu ibada ne ma'aunin, da kukan taɓarɓarewar tarbiyya ya ɗauke. Bai ɗauke ba. A kowace majalisa shi ake yi. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ƙiyasta cewa a 2023 kaɗai 'yan Najeriya sun miƙa wa ma'aikatan gwamnati cin hancin tsabar kuɗi na naira biliyan 721. A jerin da Denmak ta samu 90, Najeriya 25 ta samu, ta zo ta 145 cikin ƙasashe 180. Binciken 2018 kan shaye-shaye ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 suna ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. Zamfarar da ta fara shari'a ita ce daga baya ta zama matattarar 'yan bindiga. Laifi tudu ne.

Amma Najeriyar nan dai ita ce ta sha shiga cikin goman farko a jerin ƙasashen da suka fi kyauta da taimakon baƙo da gidauniyar CAF ta Birtaniya ta riƙa fitarwa, jerin da Indunusiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi, ta yi shekaru tana jagoranta. A nan ne a 2023 wani matashi mai tuƙa adaidaita sahu a Kano ya ji cigiya a rediyo, ya mayar wa wani ɗan kasuwa daga Chadi kuɗin da suka kai naira miliyan 15 da ya manta a kekensa.

Yaya aka yi hannu ɗaya yake ba da sadaka da safe, ya karɓi na goro da rana? Masanin zamantakewa Peter Ekeh, yana koyarwa a Jami'ar Ibadan, ya ba da amsa a 1975 wadda har yau ba ta tsufa ba. Ya ce mulkin mallaka ya bar ɗan Afirka da fage biyu. Akwai na dangi da gari da ƙabila, inda cin amana abin kunya ne har jikoki. Akwai kuma na gwamnati, wanda baƙo ya kafa, inda ɗiba ba ta zama sata a idon jama'a, musamman in an kawo gida an raba. Mutumin da ba zai taɓa akuyar maƙwabcinsa ba, zai sa hannu a takardar kwangilar da ba a yi ba, ya je Umara da kuɗin, a tarye shi a filin jirgi.

Inda addini da idon jama'a suka haɗu a kan abu ɗaya kuwa, an ga abin da suke iya yi. Wani mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya ga yadda fataken Arewa suke kawo shanu a sayar wa mahauta Yarabawa bashi, babu takarda babu lauya, maigidan da ya sauki baƙon shi ne jingina. Dukiya mai yawa tana yawo a kan kalmar baki. Cohen ya danganta ƙarfin wannan amana da yadda mutanen Sabo suka rungumi ɗariƙar Tijjaniyya a farkon shekarun 1950, suna haɗuwa kullum a wazifa, kowa ya san kowa, wanda ya ci amana ba shi da inda zai sa fuskarsa da Magariba. Siffofin mutumin kirki da masani Anthony Kirk-Greene ya tattaro daga bakin Hausawa a laccarsa ta 1973, irin su gaskiya da amana da karamci da kunya da mutunci, kusan duk abubuwa ne da sai a cikin mutane ake gane su.

Zamanin da ake kewa ma yana da nasa masu kuka. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Kitabul Farƙi, ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki da ƙwacen kayan talakawa a kasuwa cikin abubuwan da ya yi tir da su. Ƙaninsa Abdullahi kuwa, jihadi bai ma ƙare ba, ya ga yadda wasu daga cikin jama'ar suka karkata ga dukiya da sarauta, ransa ya ɓaci har ya bar rundunar a wajajen 1807 da niyyar tafiya Makka. A Kano aka tsayar da shi, ya zauna yana karantarwa, ya rubuta Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki da adalci, sannan ya koma. Wannan a tsakiyar mutanen da ake kafa misali da su ke nan.

Wani mai bincike, Erik Duhaime, ya yi ɗan gwaji a tsohuwar kasuwar Marrakesh ta Maroko, aka buga shi a 2015. Yakan tsaya a shago ya ba mai shagon zaɓi uku: ya karɓi dirhami 20 ya sa aljihu, ko ya karɓi 10 a ba mabukata 30, ko ya haƙura gaba ɗaya a ba mabukata 60. 'Yan kasuwar da ya gwada ba su kai 100 ba, don haka ba a gina gari a kan sakamakon. A lokutan da ba a kiran salla, kusan shida cikin goma suka zaɓi a ba mabukata duka, abin da shi kansa ba ƙaramin karamci ba ne ga mai neman na cefane. Waɗanda tambayar ta riske su ladan yana cikin kiran salla kuwa, dukkansu, babu ko ɗaya da ya ware, suka ce a kai wa mabukata. Waɗanda aka tambaya jim kaɗan bayan lasifika ta yi shiru, adadinsu ya koma inda yake kafin a kira.